Yadda Ake Fitar da Zanen Gini Daga AutoCAD Zuwa PDF Bai Lalace Ba

Zanen gini yana da doguwar tafiya kafin ya zama bango. Yana barin hannun akitek ko injiniya, ya je teburin hukumar da ke ba da izinin gini, irin KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ya biya ta shagon buga takardu, ya shiga wayar ɗan kwangila, sannan ya isa hannun birkila da mai ɗaurin rodi. A kusan kowane zango, PDF ne ke yawo, ainihin fayil ɗin AutoCAD yana can a kwamfutar mai zane. A nan kuma ake yawan kuka. Layukan da suka fito garau a kwamfuta sun dusashe, rubutu ya koma alamar tambaya, wani sashe na zanen ya ɓace, fayil ya yi nauyin da waya ba ta iya buɗe shi, ko a ɗora rula a tarar awo ya ƙi. Manhaja ake ɗora wa laifi galibi. Ni a ganina, mafi yawan waɗannan matsaloli daga hannun mai zane suke tasowa, domin yana ɗaukar fitar da PDF tamkar adana fayil da wani suna, alhali buga takarda ne cikakke. Duk shawarar da mai buga takarda ke yankewa, ta girma da ma'auni da kaurin layi da haruffa, dole a yanke ta kafin a danna komai.

Dalilin yana cikin yadda aka gina fayilolin biyu. Kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a 1982, kuma fayil ɗinsa na DWG yana riƙe da gini a ainihin girmansa. Bango mai tsawon mita 12 yana nan a matsayin milimita 12,000, a fili marar iyaka, babu takarda, babu gefe. Launin layi a wurinsa alama ce ta aiki, ba ado ba ne. Haruffa da hotuna da zanukan da aka jingino daga wasu fayiloli kuwa ba sa zaune a cikinsa, adireshinsu kawai yake riƙe da shi. PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 kuma ya zama ƙa'idar duniya ta ISO 32000 a 2008, an yi shi ne don shafi mai tsayayyen girma da zai fito iri ɗaya a kowace na'ura, saboda haka komai sai ya shiga cikinsa. Tsakanin fili marar iyaka da shafi mai gefe huɗu akwai tambayoyin da sai an amsa. Idan mai zane bai amsa ba, manhajar za ta amsa da saitin da ta zo da shi, kuma wannan saiti bai san ko zanen na gidan bene ba ne ko na kwalbati.

Mataki na farko shi ne share zanen da tabbatar da awonsa. A duba da umarnin UNITS cewa da milimita ake aiki, domin AutoCAD yana zuwa da tushen fayil iri biyu, acadiso.dwt na awon mita da acad.dwt na awon inci irin na Amurka, kuma wanda ya fara aiki a kan na inci zai sha fama da tsarin layuka da na cika fili har ƙarshe. Daga nan a gudanar da AUDIT don gyara ɓarakar da ke cikin fayil, PURGE don kwashe abubuwan da ba a amfani da su, da OVERKILL don cire layukan da suka hau kan juna. A zuƙo zanen gaba ɗaya a gani ko akwai wani ɗan guntun layi da ya faɗa can nesa, domin shi ne ke sa a fitar da shafi fari fat da ɗan ɗigon gini a kusurwa. Sai a buɗe jerin fayilolin da aka jingino. Duk wanda aka nuna ba a same shi ba, ba zai fito a PDF ba, kuma babu tabbacin mai zane zai lura idan yana sauri. Zanen da aka ɗora a kan taswirar safiyo yana da tasa matsalar. Lambobin wuri irin na UTM suna kai dubban ɗaruruwa har miliyan, kuma a irin wannan nisa daga tushen zane tsarin cika fili kan wargaje. Maganinsa a matso da tushen cikon kusa da ginin.

Mataki na biyu ya fi kowanne muhimmanci, wato shirya takarda. AutoCAD yana da fili biyu: Model, inda ake zana gini a ainihin girmansa, da Layout, inda ake shimfiɗa takarda a buɗe mata taga ta leƙo ginin a kan ma'auni. Daga Layout ya kamata PDF ya fito. A zaɓi girman takarda daga jerin ISO 216, A1 mai milimita 594 da 841, ko A3 mai 297 da 420, gwargwadon abin da za a buga a zahiri. A ɗora firam da akwatin bayani mai ɗauke da sunan aiki da lambar shafi da kwanan wata. A saita ma'aunin tagar, 1:100 ga filan ɗin bene, 1:50 ko 1:20 ga bayanin matakala da ginshiƙi, sannan a kulle ta don kada zuƙowa ta canza shi. Ita kanta takardar a kan 1:1 ake buga ta. Tun a nan ake lissafa girman rubutu: idan ana son harafi ya fito milimita 2.5 a takarda a ma'aunin 1:100, sai a rubuta shi da tsayin 250 a filin Model. Layukan da ke da tsattsage, irin na bim da ke ɓoye, su ma a duba su a nan, domin idan saitin LTSCALE da PSLTSCALE bai dace ba sai su fito a haɗe, abin da ke ɓoye ya koma kamar na bayyane. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Takardar da ba a shirya ta tun ana tsakiyar aiki ba, da wuya ta shiryu a daren da za a miƙa shi.

Wani zai ce wannan duk wahalar banza ce, tunda akwai zaɓin Fit to paper da ke cusa zane a kowace takarda, kuma ƙa'idar aiki ma ta hana auna zane da rula, lambar da aka rubuta ake bi. Akwai gaskiya a rabin maganar, domin lamba ce ke da hukunci. Amma babu zanen da ke rubuta kowane awo, kuma mai ƙididdigar kayan gini da jami'in da ke duba tazarar gini daga titi da kafintan da ke neman faɗin wata 'yar kusurwa duk sukan kai hannu ga rula. A yi lissafi a gani. Ɗaki mai faɗin milimita 3,600 yana cin milimita 36 a takarda a ma'aunin 1:100. Idan cusawa ta rage shafin da kashi 5 cikin ɗari, zai koma 34.2, mai aunawa ya karanta 3,420. An yi asarar milimita 180, fiye da kaurin bulo mai inci shida, kuma akwatin bayani yana nan yana cewa 1:100. Haɗarin ke nan: takardar tana faɗin abin da ba haka yake ba, ido kuma ba ya iya kama ragin. Idan dole sai an rage, a rage bisa tsari. A1 da aka mayar A3 ya ragu da rabi daidai, 1:50 ya koma 1:100, sai a rubuta haka a jiki. A kuma zana ɗan sandan ma'auni a gefen shafi, wanda zai ragu tare da zanen ya ci gaba da faɗin gaskiya.

Mataki na uku shi ne kaurin layi. Mai karanta zane da kauri yake bambance abin da aka yanka da abin da ake hange: bangon da aka yanka ya yi kauri, misali milimita 0.5 ko 0.7, ƙofa da taga 0.25 ko 0.35, layin awo da ciko 0.18 ko 0.13. A fuskar kwamfuta mai baƙin bango launi ne ke yin wannan aiki, rawaya da shuɗi da ja suna haskawa. A farar takarda rawaya kusan ɓacewa take yi. Abin da ke fassara launi zuwa alƙalami shi ne fayil ɗin salon bugu, CTB, wanda ke ba kowane ɗaya daga launuka 255 na jerin AutoCAD kauri da tawadarsa, ko STB, wanda ke tafiya da suna. Fayil ɗin monochrome.ctb yana mayar da komai baƙi, amma akwai tarko biyu. Na ɗaya, launin da aka haɗa da hannu daga sashen True Color ba ya cikin jerin 255, saboda haka zai fito da launinsa ko da an zaɓi baƙi. Na biyu, CTB ba ya cikin DWG, a kwamfutar mai shi yake zaune. Idan abokin aiki ya turo zane bai haɗo da shi ba, layuka za su fito ba yadda ya nufa ba. A tabbatar kuma an kunna zaɓin buga kaurin layi da na amfani da salon bugu, in ba haka ba duk wannan shiri bai shiga PDF ba.

Mataki na huɗu haruffa ne, kuma a nan mai zane a ƙasar Hausa yana da ƙarin dalilin kula. AutoCAD yana aiki da haruffa iri biyu. Na SHX, irin su romans da simplex, tsofaffi ne da aka yi don na'urorin zane masu alƙalami, kuma a PDF zanen layi suke zama, ba rubutun da za a iya nema ba. Tun daga fitowar 2016 manhajar tana lulluɓa musu bayanan gefe don a iya neman su, shi ya sa wani PDF kan cika da akwatunan sharhi da ke tasowa duk inda aka kai linzami. Ana kashe wannan ta mayar da saitin PDFSHX zuwa 0. Na TrueType kuwa ana iya dasa su cikin PDF, su tafi tare da shi, muddin an kunna zaɓin kama haruffan da zanen ya yi amfani da su. Idan kwamfutar da ake fitarwa daga ita ba ta da samfurin da aka yi zanen da shi, AutoCAD zai musanya shi da wani, faɗin rubutu ya canza, lambobi su hau kan layi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin tsofaffin SHX da aka saba da su, don haka adireshin fili a Ƙofar Mata ko Ɗambatta yana iya fitowa da alamar tambaya a farkonsa. A zaɓi samfurin TrueType da aka gwada aka ga yana ɗauke da su, a tsaya a kansa a duk shafukan aikin.

Mataki na biyar shi ne duba abin da zai fito da abin da zai yi nauyi. Kowane rukunin zane, wato Layer, yana da alamar firinta a gefensa, kuma wanda aka kashe wa ita zai ci gaba da bayyana a kwamfuta ya ƙi fitowa a takarda. Haka rukunin Defpoints, wanda manhajar ke ƙirƙira da kanta idan an sa layin awo: duk abin da aka zana a kansa bisa kuskure ba ya buguwa. Ana kuma iya daskarar da rukuni a cikin taga ɗaya kawai, ya ɓace daga shafi guda alhali yana sauran. Shi kuwa nauyi, wurare uku yake fitowa. Akwai ciko mai yawan ɗigo, irin na yashi da kankare, da aka ba ƙaramin ma'auni har ya zama dubban guntayen layi. Akwai hoton tauraron ɗan Adam ko tambarin ofis da aka liƙa da girman da ya wuce buƙata. Akwai kuma zaɓin buga shara-shara, wanda ke sa manhajar ta mayar da zane ɗige-ɗige irin na hoto. Bambancin yana da girma. Layin lissafi yana nan da kaifinsa ko an zuƙo shi sau nawa, ɗige-ɗige kuwa farfashewa yake yi. A zanen ƙarfe wannan ba ƙaramin abu ba ne: rodi mai milimita 16 yana da faɗin yanka kusan milimita murabba'i 201, mai 12 kuwa 113 kacal. Lambar da ta dusashe har aka karanta 12 a madadin 16 ta zaftare kusan rabin ƙarfen bim.

Sai a mataki na shida ake danna PLOT. A wurin zaɓen firinta a ɗauki DWG To PDF.pc3, wanda ke zuwa tare da AutoCAD tun fitowar 2007, ko ɗaya daga saituka huɗu da aka ƙara a 2016: na takardun yau da kullum, na bugu mai inganci, na mafi ƙarancin nauyi, da na intanet da waya. Waɗannan sun fi firintocin PDF na gama-gari sanin zane, domin suna iya tafiya da rukunonin zane cikin PDF, kuma suna da manyan takardu irin A1 da A0. A zaɓi takardar da sunanta ke ɗauke da full bleed idan firam ya matso gefe, don kada tazarar da firinta ke bari ta yanke shi. Wurin bugu ya zama Layout, ma'auni 1:1, a duba kwanciyar takarda, tsaye ko kwance. Kada a tsallake samfotin gani, domin shi ne wuri na ƙarshe da gyara ke da arha. Idan shafukan suna da yawa, umarnin PUBLISH yana haɗa su a fayil ɗaya bisa jeri, amma yana bin saitin da aka adana wa kowane shafi ne, ba wanda aka taɓa yanzu ba. Shafi ɗaya da aka manta a kan tsohuwar firinta ya isa ya fito daban da 'yan'uwansa.

Mataki na bakwai shi ne karanta PDF ɗin kamar wani ne ya aiko shi. A buɗe bayanan fayil a ga girman shafi ya yi daidai da takardar da aka nufa, a ga jerin haruffan da aka dasa. A zuƙo kan lamba mafi ƙanƙanta a tabbatar tana karantuwa. A buɗe shi a waya ma, tunda a can yawancin ma'aikatan fili za su gan shi. Ya kamata a san cewa ba kowane aibi da ido ya gani ne yake cikin fayil ba. Siraran fararen layuka da kan ratsa cikon baƙi, ko layukan da kaurinsu ke sauyawa idan ana zuƙowa, sau da yawa daga manhajar karantawa suke, kuma a Adobe Acrobat Reader kashe zaɓin Enhance thin lines da na lallausa zanen layi yakan kawar da su. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne takarda. A buga shafi ɗaya a kan Actual size, domin a nan ma akwai zaɓin cusawa da ke iya ɓata duk aikin baya. A ɗora rula a kan ɗakin nan mai 3,600. Idan ya ba da milimita 36, an gama. Idan a shago za a buga, a faɗa wa mai shagon girman takarda da baki, a kuma auna kafin a biya.

Akwai mai cewa, in haka ne, me ya sa ba za a tura DWG ɗin kawai a huta ba? Tsakanin akitek da injiniyan da zai ɗora nasa aikin a kai, DWG ne ya dace, kuma umarnin ETRANSMIT yana tattara shi da haruffansa da CTB da jinginannun fayiloli a ƙunshi ɗaya. Amma ga mai gida da hukuma da ma'aikacin fili, DWG yana ƙara matsala ne. Sai da manhajar da za ta buɗe shi, tsohuwar fitowa ba ta buɗe sabon tsarin 2018, kuma duk wanda ya buɗe yana iya matsar da bango da gangan ko da kuskure. Zanen da ke ɗauke da hatimin mai rajista da ARCON ko COREN alkawari ne, kuma alkawari yana buƙatar siffa ɗaya tsayayya da za a koma gare ta idan gardama ta tashi. PDF ma ana iya taɓa shi, amma ya fi kusa da wannan siffa nesa ba kusa ba. Ɗaukar hoton fuskar kwamfuta a tura ta WhatsApp kuwa ya fi kowace hanya muni, domin ba shi da ma'auni, kuma matse hoto da manhajar ke yi yana cinye ƙananan lambobi. A tura PDF ɗin kansa a matsayin fayil.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne lokaci, cewa ƙaramin ofis mai aiki da janareto ba zai bi matakai bakwai a kan kowane shafi ba. Amsar ita ce yawancinsu sau ɗaya ake yi. A zauna rana guda a gina tushen fayil na DWT mai awon milimita, da rukunoni masu kaurinsu, da samfurin haruffa guda, da shafukan A1 da A3 masu firam da sandan ma'auni da saitin bugu mai suna, a ajiye CTB ɗin ofis inda kowa zai same shi. Daga ranar, abin da ya rage a kowane aiki shi ne sharewa da dubawa da aunawa. A sa wa kowane PDF suna mai ɗauke da lambar aiki da lambar shafi da lambar gyara, a rubuta gyaran da kwanan watansa a akwatin bayani, don kada tsohon zane ya ci gaba da aiki a fili bayan an canza shi a ofis. Birkila ba zai taɓa ganin abin da ke cikin kwamfuta ba, abin da ke takarda zai gina, kuma siminti idan ya kama ba ya karɓar gyara sai da guduma. Saboda haka alhakin mai zane yana kansa har sai ya ga shafin da ya fita daga hannunsa ya auna daidai.